Jan Hatimi a Littattafan Ta Huɗu

A layinsu babu wanda zai iya gaya maka takamaiman aikin da Ta Huɗu ta shafe shekara talatin da ɗaya tana yi. Wasu sun ce ɗaukar hoto ne, wasu sun ce wankin hoto, mai shagon bakin layi kuma ya rantse a asibiti take, tunda ya sha ganinta da farar riga. Sunan ma ba su san mafarinsa ba, sun ɗauka ita ce ta huɗu a ɗakinsu, alhali 'yar fari ce. Daga teburin aikinta ta samo shi, tebur ne na huɗu, a wani dogon ɗaki marar taga cikin cibiyar binciken da ke bayan jami'a. A kan teburin nan ta cika littafi goma sha huɗu da hannunta, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka buga musu jan hatimi mai cewa ba abin dogaro ba ne. Ta aurar da 'ya'ya, ta rasa miji, ta yi ritaya, amma hatimin nan bai daina yi mata ciwo ba.

Ubanta tela ne, irin telan da zai kwance riga ɗungurungum don layi ɗaya ya karkace. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, keke biyu, tebur ɗaya, dutsen guga, sai ƙamshin sabon yadi da man keke. Tun tana 'yar shekara tara take hawa keke na biyu in an tashi daga makaranta. In ta gama kalmasa ta miƙa masa tana washe baki, ba ya shimfiɗa rigar a tebur kamar sauran mutane. Ɗaga ta yake yi daidai fuskarsa, ya kanne ido ɗaya, ya bi layin ɗinkin daga wannan baki zuwa wancan, yadda kafinta ke duba katako. Ta wannan gefen, 'yar karkacewar da ba ta kai kaurin zare ba sai ta fito ɓaro-ɓaro. "Kwance," zai ce, ya miƙo mata reza. Ta sha kuka a shagon nan ba adadi, amma ta tashi da idon da layi ba ya wuce shi a karkace.

Da wannan idon ta sami aiki. Ta gama sakandare tana zaune a gida aka liƙa sanarwa cewa cibiyar na neman masu duba hotuna, ba a bukatar ilimin kimiyya, ido dai da haƙuri. Mutum arba'in suka zauna gwaji, aka raba musu takardu cike da layuka aka ce su nemo waɗanda suka karye. Shida aka ɗauka, dukansu mata, aka jera su a tebura shida. Tun daga ranar sunayensu na yanka suka ɓata, aka koma Ta Ɗaya, Ta Biyu, har zuwa Ta Shida.

Hotunan daga wata ƙasa mai nisa suke zuwa, a naɗe cikin gwangwanaye masu faɗin faranti. Can akwai wata ƙatuwar na'ura da ke harba wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba, cikin wani tanki mai cike da ruwan haidirojin mai tsananin sanyi. Ƙwayar kanta ba mai ganinta. Amma in mai caji ce, duk inda ta ratsa sai ta bar jerin ƙananan kumfa a bayanta, kyamarori su ɗauka kafin kumfar ta baje. Aikin matan shi ne su ɗora fim a majigi, hoton ya bugi madubin da ke sama ya sauko ya kwanta a kan farin tebur mai tsawon gado, su bi sawun nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto layuka ne goma ko goma sha biyu, sun ratsa daga hagu zuwa dama suna ɗan lanƙwasa saboda maganaɗisun da ya kewaye tankin.

Shugabansu wani farfesa ne siriri mai saurin tafiya, wanda suka laƙaba wa Sake Duba, don ko gaishe shi ka yi sai ka ji kamar zai ce ka sake. Ranar farko ya tsaya gaban allo ya yi musu bayani sau ɗaya tak, kamar wanda mota ke jira.

"Waɗannan da za ku bi sunansu kayon, daga dangin mezon suke. Kowane mezon abu biyu ne a ɗaure, kwak ɗaya da akasin kwak ɗaya. Furoton da ke jikinku da jikin teburin nan kuwa kwak uku ne. Kwak ba ya yawo shi kaɗai, ba wanda ya taɓa kama ɗaya a ware, don haka kada wadda ta zo ta ce mini ta ga kwak. Kayon ba ya daɗewa. A raba ƙiftawar ido gida miliyoyi, kashi ɗaya shi ne tsawon rayuwarsa. In ya mutu a cikin tanki sai ya rabu, wani ɓangare ya ci gaba da barin sawu, wani ya tafi ba sawu don ba shi da caji. Abin da za ku gani kawai shi ne layi ya taho ya ɗan karya kwana. Ku ƙirga mini waɗannan."

Kafin a tashi matan sun raɗa wa karyar kwanan nan suna gwiwa. Ƙa'idar aiki kuma Farfesa ya buga ta da kansa ya liƙa a bango: a zauna a miƙe, a duba hoto daga sama, a bi kowane layi da rula, a rubuta lambar hoto da yawan gwiwoyin da ke ciki. Ta Huɗu ba ta fahimci ko rabin bayaninsa ba a ranar, amma abin ya shige ta. Abu ya rayu, ya mutu, ba wanda ya gan shi, kuma ita ce za ta zama shaidarsa. Ta so aikin nan har cikin ranta.

A wata na biyu ne wasu layuka suka fara hana ta sakat. Daga sama lafiyarsu ƙalau, rula ma ta yarda da su, amma idonta ya ƙi. Wata rana da hantsi ta waiga ta ga ƙofa a rufe, ta ture kujera baya, ta durƙusa, ta ɗora kumatunta na dama a bakin teburin, ta kanne idon dama ta bi layin da na hagu. Sai ga layin da ya yi tsawon gado ya tsuke ya dawo kamar taƙi guda, ga gwiwa a tsakiyarsa, 'yar ƙarama amma ba musu. Ta rubuta, ta koma kujera ta zauna a miƙe kamar ba ita ba. Daga ranar ba hoton da ya wuce ta ba ta durƙusa masa ba. Ta Biyu, maƙwabciyar teburinta, ta gwada sau ɗaya ta ce wuyanta ba na aro ba ne, amma ta rufa mata asiri, in ta ji takun Farfesa sai ta yi tari.

A shekarun nan ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai sanyin hali da son tsokana, wanda shi ma da gilashi a ido yake wuni. "Ni dai abin da nake gyarawa ina kama shi da hantsaki," yakan ce mata. "Ke kuwa sawun wanda ya mutu tun bara kike bi, kuma ko fuskarsa ba ki taɓa gani ba."

"Kai ka taɓa ganin fuskar lokacin da kake gyara wa mutane?"

Sai ya yi dariya ya ce an fi ƙarfinsa a gidan nan.

Matsalar daga wajen tantancewa ta ɓullo. Kowane naɗin fim tebur biyu ke duba shi, a kwatanta littattafansu. Matan biyar suna dacewa da juna kusan kullum, ita kuwa lissafinta kullum ya ɗara, inda suka ga takwas sai ta ga tara. Na'urar awo guda ɗaya ce a cibiyar, layinta ya fi na asibiti tsawo, kuma gwiwar da tebur biyu suka yarda da ita kawai ake kai mata. Saboda haka rarar Ta Huɗu ba a taɓa auna ko ɗaya ba. Farfesa ya kira ta sau biyu ta nuna masa, ya tsaya a kanta ya duba daga sama ya ce shi bai ga komai ba. Kalma ɗaya ce za ta raba gardamar, ta ce masa ya sunkuya. Amma ƙa'idar shi da kansa ya buga ta, faɗin hakan kuma daidai yake da ta ce shekara huɗu ke nan tana karya ta, ga goyo a gida, ga aikin da ba ta son rasawa. Ta haɗiye maganar.

Ranar da abin ya fashe Ta Biyu ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya, don haka ba mai tari. Farfesa ya turo ƙofa bayan azahar ya tarar da ita a durƙushe, kumatu a kan tebur. Inuwar majigi ta rufe mata rabin fuska, shi kuma bai matso ya duba ba.

"Barci kike yi a kan aiki?"

Ta miƙe zumbur.

"Ashe shi ya sa kike ganin abin da babu," ya ce, a gaban kowa, ya juya ya fita.

Mako guda bayan haka aka buga hatimin. A gaskiya dukansu biyu suna da laifi, kuma laifin ban haushi. Mutumin da duniya ta sani da Sake Duba, sau ɗaya aka bukaci ya sake dubawa bai yi ba. Ita kuma ta gaji taurin kan ubanta kaf, da ta je ta yi bayani bayan an kunyata ta gara ta haɗiyi allura. Mijinta ya yi lallashin duniya. "Je ki nuna masa mana, minti biyu ne." Ta ce, "Ba shi ne Sake Duba ba? Ya sake duba." Daga nan ba a ƙara ɗaga maganar a gidan ba sai jefi-jefi, in ya ga ta yi shiru a kan keke ba ta takawa.

Ba a kore ta ba, an mai da ita sito. Shekara ashirin da bakwai tana manna lamba a gwangwanaye, tana haɗa fim in ya tsinke, tana canza ƙwan majigi. A gabanta fim ya daina zuwa, kwamfuta ta karɓi aikin, matan biyar suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta yi aikin siton tsakani da Allah, har aka riƙa cewa ko allura ka jefa a ɗakin nan ta san inda ta faɗi. Littattafanta suna kanta ta ƙarshe ta ƙasa, tana kakkaɓe musu ƙura duk ƙarshen wata, ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Abin da ya fi hatimin ciwo ya zo daga baya, a hankali. Mutum biyar sun ce babu, farfesa guda ya ce babu, sai ta fara tambayar kanta ko dai idonta ne ya riƙa yi mata ƙari. Wannan ko mijinta ba ta gaya wa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan ritaya ta koma kan keken ubanta, tana rage wa jikoki tsawon kayan makaranta. Yanar ido ta rufe mata ido biyu. Babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya ce kuma ba ta ɗaukar wasa, ta tasa ta gaba aka yi wa na dama aiki. Da aka zo kan na hagu Ta Huɗu ta ƙi ƙememe. Ta ce ido ɗaya ya ishe ta zura zare, kuma ba wani abin kallo da ya rage mata da zai sa a sake kwantar da ita.

Ana nan, wata Talata da safe, aka yi sallama. Wata budurwa ce da jakar goyo da tabarau mai kauri, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita ɗaliba ce a cibiyar, tana karatun digiri na uku. 'Yar Ta Huɗu, wadda ke hutu a ranar, ta kawo mata ruwa. Ɗalibar ba ta sha ba, ta zuge jaka ta fito da wani littafi mai koren bango. Ta Huɗu ta gane shi tun kafin ya gama fitowa, na shida ne, ga jan hatimin nan ya ɗan koɗe.

"Mama, ƙarshen watan nan za a kwashe sito, ana son ɗakin," ɗalibar ta ce. "Littattafan da aka amince da su za a ajiye. Masu hatimi kuma za a ba masu sarrafa tsohuwar takarda, fim ɗin ma a rabu da shi."

"To su kwashe mana. Ai sun daɗe da mutuwa."

"Ni ban yarda sun mutu ba. Bari in gaya miki dalili. Yanzu an san tsawon rayuwar kayon sarai. An san guda nawa suka shiga tankin, an san tsawon tankin, don haka ana iya lissafa guda nawa ya kamata su mutu a ciki. Na yi lissafin. Littattafan da aka amince da su sun gaza, cikin kowane tara ɗaya ya ɓata. Na sa kwamfuta ta duba hotunan, ita ma ta gaza haka, to amma daga waɗannan littattafan aka koya mata aikin, abin da ba su gani ba ita ma ba za ta gani ba. Littattafanki kaɗai suka yi daidai da lissafina."

Ta Huɗu ta cire ƙafarta daga kan keke.

"Sai dai akwai matsala," ɗalibar ta ci gaba. "Kin rubuta lambar hoto da yawan gwiwoyi, ba ki rubuta inda suke ba, don ba a ce a rubuta ba. Na buɗe hamsin daga cikin waɗanda kika ce akwai rara, na duba har idona ya yi ja, ban ga komai ba. Shugabar sashe ta ce lissafi na iya dacewa bisa tsautsayi. In ba a nuna mata a tebur ba, kwashewa za a yi. Mama, yaya kike ganinsu?"

Shekara arba'in da ɗoriya tana jiran wani ya yi mata wannan tambayar, ga shi an yi, abin da ta ji kuma tsoro ne. Muddin littattafan na rufe, tana iya ci gaba da cewa an zalunce ta. In aka kunna majigi aka tarar babu komai fa?

"'Yar nan, na tsufa. Idon ma ya tafi."

"Umma," 'yarta ta ce daga bakin ƙofa, "tun ina firamare nake ganin kina kau da kai in mun wuce ginin nan. Ki je a yi ta ta ƙare. In babu, babu, mu dawo gida mu ci abincinmu. Ni zan kai ki."

Ranar Alhamis da hantsi suka je. Dogon ɗakin an raba shi ofisoshi, tebur ɗaya kawai ya tsira a wani lungu, ɗalibar ta yi mako tana fama da majiginsa. Ta Huɗu ta duba lambar da ke gefensa ta ce, "Na Ta Biyu ne. Allah ya sa bai gaji ƙyuyarta ba." Shugabar sashe ta yi dariya ta ba ta kujera. Sai a sannan Ta Huɗu ta lura da tsohon da ke zaune a kusurwa, hannu biyu a kan sanda, ashe Farfesa ne. Shugabar ta ce tunda hatiminsa ne, ta ga ya dace a gayyato shi. Saurin tafiyar nan duk ya tafi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ta Huɗu," ya ce.

"Ranka ya daɗe."

Gwajin a fili yake. Ɗalibar ta zaɓi hoto ashirin ta cakuɗa su, goma waɗanda littafi na shida ya ce akwai rarar gwiwa, goma waɗanda ya ce babu. Littafin yana rufe a cinyar shugabar. Aka kashe fitila, majigi ya yi ƙugi, layukan suka sauko suka kwanta a kan tebur kamar jiya ta bar su.

Ta ture kujerar, ta dafa kafaɗar 'yarta ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta ɗora kumatun dama, ta kanne idon dama kamar yadda ta saba, sai ta ga fari fat kamar an shafa wa gilashi sabulu. Ta manta, na hagu ne idon aikinta, kuma shi ne wanda ta hana a taɓa. Ta juya ta ɗora kumatun hagu, ta buɗe na dama, komai ya zo mata a baibai kamar mai yanka yadi da hannun da bai saba ba. Hoto na farko ta bi layi goma sha ɗaya, babu. Na biyu, babu. Ba ta san ko babu ɗin ne ko ita ce ba ta gani ba.

A hoto na uku, layi na biyar daga sama, idonta ya tsaya cak. Ta ɗan matsar da kai, ta sake bi. Ta zaro guntun allin tela daga jakarta ba tare da ta ɗago ba, ta miƙa hannu ta ɗiga a kan teburin.

"Nan."

Daga nan hannunta ya faɗa. Ta riƙa cewa "wuce" ko "nan", muryarta na ƙara ƙarfi, har ta soma yi wa ɗalibar faɗa kan jinkirin juya fim. Da aka gama shugabar ta kunna fitila ta buɗe littafin. Cikin goman da ke da rara ta nuna tara, ɗaya ya kuɓuce mata. Cikin goman da babu, ba ta ɗiga alli ko sau ɗaya ba. Ɗalibar ta riga ta ɗora hotunan ashirin a kwamfutarta da kyau sosai, ta je daidai wurin allin farko ta auna layin kafin wurin da bayansa. Ta juyo musu da allon kwamfutar. Layin ya karya da digiri biyu, kuma daga nan lanƙwasarsa ta ƙaru, alamar wata ƙwayar ce daban ta ci gaba da tafiya. Ta auna na biyu, haka. Na uku, haka.

Farfesa ya miƙe da ƙyar ya dogaro sandarsa zuwa bakin tebur. Ya ce a mai da hoto na uku, a kashe fitila. Ya tsaya a kansa ya duba daga sama, ya daɗe.

"Ni ban ga komai ba."

"Daga nan ba za ka gani ba, ranka ya daɗe. Sai ka sunkuya."

Shugabar ta ce a bar shi, bayansa ba shi da lafiya, amma ya ɗaga mata hannu. Ɗalibar ta riƙe shi ta nan, ma'aikaciyar jinya ta riƙe shi ta can, suka sauke shi a hankali har kumatunsa ya taɓa bakin teburin.

"Kanne ido ɗaya. Ka bi na biyar daga sama."

"Har yanzu dai..."

"Sake duba, ranka ya daɗe."

Ya fi minti guda a haka, kansa a kwance, ido ɗaya a rufe, sak yadda ya same ta a ranar. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, a hankali, "Ashe ba barci kike yi ba."

Ta tanadi maganganu masu yawa domin wannan ranar, ta yi ta goge su a kan keke shekara da shekaru, waɗansunsu ma da kaifi. Ko ɗaya bai zo mata ba. Tausayinsa ta ji, da kewar mai gyaran agogon da ya kamata a ce yana nan yana cewa ai ya faɗa, minti biyu ne.

"Ban taɓa barci a ɗakin nan ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Me ya hana ka tambaya?"

Aka ɗago shi aka zaunar. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ta yafe masa, ta ce Allah ya yafe musu baki ɗaya, don ita ma da nata. Ya nemi biro, ya ce a kwaso masa sauran goma sha ukun daga sito. Da hannunsa mai karkarwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana jan layi a kan hatimin yana sa hannu da kwanan wata. Layukan nasa duk a karkace suke, ta gani sarai, ta yi shiru.

Shugabar ta ce littattafan da fim ɗin ba inda za su, za a nemi wani ɗakin a ba masu son ɗaki. Amma akwai dubban hotuna da ke bukatar a nuna wurin gwiwar a kowannensu kafin kwamfuta ta koya, ko Mama za ta iya zuwa ko da sau biyu a mako, ta kuma koya wa ɗalibai? Ta Huɗu ta ce za ta duba, da irin muryar telan da aka kawo wa ɗinki yana da aiki a hannu. Ɗalibar kuwa tuni ta durƙusa ta manna kumatu a tebur, tana cewa ga shi, wallahi ga shi.

A mota 'yarta tana tuƙi tana satar kallonta. Ta Huɗu ta rufe idon dama da tafin hannu ta kalli titi, fari fat. Ta buɗe. Suka wuce shatale-tale, suka wuce shagon da a da na mijinta ne, yanzu ana sayar da waya a ciki.

"Guda ɗayan nan da ya kuɓuce mini," ta ce, "da da na hagu ne da bai wuce ba."

"Haka ne, Umma."

"Likitan nan naku, wace rana ya ce yana aikin ido?"

"Litinin da Laraba."

"To ki kira shi yau. Ki ce masa Litinin, don ina da aiki a gabana."